Ragowar Kifin Juma'a

Akwai wani mutum a garinmu da ke bakin tafki a jihar Wisconsin ta Amurka, sunansa Curtis Vandehey. Shagon kayan gini gare shi, kuma ɗan ƙungiyar 'yan'uwa ne ta garin, inda ake rantsuwa kafin a shiga, kowa kuma ya kira kowa ɗan'uwa. Mutumin kirki ne, ba na musu. Aibinsa ɗaya, in ya ga abu a karkace sai ya miƙe shi, ko ba a sa shi ba, kuma ba ya tambayar wanda ya karkata shi dalili.

Kowace Juma'a da yamma ana soya kifi a zauren ƙungiyar, da dankali da kwaɗon kabeji. Gari kan taru a ci, ribar kuma a saya wa yara rigunan sanyi. Akwai wata al'ada tun ta da: duk abin da ya rage a tire, na mai wanke-wanke ne.

Mai wanke-wanken kuwa shi ne Elroy Pawlak, dattijon da ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar takarda har aka rufe ta. 'Yarsa ta rasu ta bar masa jikoki uku. Elroy akwai jin kai, a da ma shi ne shugaban kwamitin agaji. An taɓa ajiye masa kwandon abinci a ƙofar gida lokacin biki, ya ɗauko shi ya dire a kan teburin taro, ya ce ranar da aka sake mayar da shi abin tausayi, ranar zai ajiye ƙungiyar. Kowa ya san ba wasa yake yi ba, kuma kowa ya san bayan zauren nan ba shi da kowa.

Ana nan sai aka yi wa Norbert, tsohon da ke suya, aiki a gwiwa. Aka danƙa wa Curtis kicin.

Makon farko ya ga tire biyu cike da kifi sun rage, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan ai almubazzaranci ne, tsoho ya daina iya auna abu. Ya kafa doka: ba a jefa kifi a mai sai an ga mai ci. Kafin wata ya ƙare, ko ƙaya ba ta raguwa.

A taron wata ya miƙe ya yi bayani, ana ta tafi. Matasa suka fara cewa ga shugaban zaure na gaba. Dattawa dai suka sunkuyar da kai, ba wanda ya tanka. Elroy na zaune a layin gaba, shi ma yana tafawa.

Kifin da Curtis ya yi tsiminsa ya taru a firiza. Sai ya ga ya kyautu a kai shi wata coci a garin da ke gaba da namu, inda ake raba wa mabukata abinci ranar Asabar da safe. Ya loda a motarsa, yana jin daɗin kansa.

Yana cikin sauke kwali sai idonsa ya kai kan layin masu jira. Ga wani dattijo can tsakiya, ya ja hula har kan gira, yana riƙe da jakar leda, dusar ƙanƙara na zuba a kafaɗarsa. Elroy ne. Ya baro garinsu ya zo inda ba a san shi ba.

Curtis ya juya da sauri. Ya durƙusa a bayan mota kamar ɓarawo, ya ƙi ɗagowa har layin ya shige ciki. Daga nan bai zame ko'ina ba sai gidan Norbert.

Ya tarar da tsohon ya miƙe ƙafa a kan kujera. Da ya gama ba shi labari, Norbert ya dube shi ya ce:

“Yaro, tun ba ka san hanyar zauren nan ba nake soya kifi. Kai a ganinka ban iya auna ba ne?”

Ya gaya masa cewa tire biyun nan da gangan yake soya su, daga aljihunsa yake sayen ƙarin, kuma su ne naman da jikokin Elroy ke ci har tsakiyar mako. Elroy na ɗauka ba kunya, don ladan aikinsa ne bisa al'ada, ba sadaka ba.

“To me ya hana ku gaya mini?” in ji Curtis.

“A gaban wa? Mutumin na zaune yana tafa maka. Ni kuma ina kwance, sai daga baya labarin gwanintarka ya iso ni.”

Nan fa Curtis ya gane irin ramin da ya haƙa. Ba zai iya kai wa Elroy komai gida ba. Ba zai kuma iya soke dokarsa ba sai ya faɗi dalili, in kuwa ya faɗa, dattijon ya tafi ke nan.

Juma'ar da ta biyo baya, ya sayo ƙarin kifi da kuɗinsa, ya yi ta jefawa a mai har bayan mutane sun fara watsewa. Tire biyu suka rage, har da doriya. Masu taya shi suka yi ta dariya, wani ya ce ashe malamin tsimi ma hannunsa na zarcewa. Mako na gaba ya sake. Na gaba ma haka.

Abin ya daina zama na dariya. A taro, wani matashi mai suna Tyler, wanda ya fi kowa tallata Curtis, ya miƙe a fusace. Ya ce ɗan'uwa Curtis ya yi musu bayanin abin da ya sa ɓarnar da ya yi ta zagi ta dawo a hannunsa, in ba haka ba kada ya sa ran ƙuri'arsu.

Curtis ya miƙe. Kalma biyu kawai zai faɗa ya wanke kansa, har a ƙara masa tafi. Ko ya ce shi ke biyan ƙarin ma, za a tambaye shi don wa. Ya dubi layin gaba, ga Elroy ya ɗora hannu a gwiwa yana kallon ƙasa.

“'Yan'uwa, na cika baki ne a baya,” in ji shi. “Suyar nan ta fi ƙarfina, ban iya auna ba. Kuma ba na jin zan iya nan gaba.”

Aka yi ta guna-guni. Da zaɓe ya zo, wani aka ba shugabancin. Wallahi Curtis ya ji zafin abin, don ya daɗe yana sonsa, matarsa ma ta yi kwanaki tana yi masa mita. Aka bar shi da kicin, wai ya je ya koyi lissafi.

Wata Juma'a bayan an watse, ya rage daga shi sai Elroy. Dattijon na rufe tire da takardar ƙarfe, bai ɗago ba ya ce:

“Curtis, ƙato kamarka ba ya ɓuya a bayan mota. Na gan ka ranar nan.”

Curtis ya daskare da tsumma a hannu.

“Ranar taro na zo da makullin zauren a aljihu. Na ce kana buɗe baki zan ajiye shi in fita.” Elroy ya ci gaba da rufe tiren. “Sai ka tsaya suka yi maka dariya.”

Hawaye suka cika wa Curtis ido. Elroy ya rungumi tiren ya nufi ƙofa, ya tura ta da kafaɗa.

“Sai Juma'a, ɗan'uwa,” in ji shi.

Darasi: Ciyar da mutum abu ne mai sauƙi, ciyar da shi ba tare da ka karɓe mutuncinsa ba shi ne aiki. Kafin ka gyara abin da ka tarar, tambayi wa yake rufa wa asiri. In kuma sai wani ya ji kunya kafin alheri ya isa, to kai mai bayarwa ka ɗauke ta. Ku tura wa 'yan ƙungiyarku da duk wanda ke hidimar jama'a.