Ƙararrawar Ɗakin Macizai

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Sannu-Sannu, wanda har gobe idan ya ji ƙyaure ya yi kuka sai ya ɗaga kai, idonsa ya kawo ruwa. Ku ba ni hankalinku, jama'ar wannan shafi, ku ji dalili.

Shi da ƙaninsa Walƙiya a gidan macizai suka buɗe ido. Babansu yana kiwon macizai masu dafi a wani dogon ɗaki da ke bayan gida, yana tatsar dafinsu yana aika wa masu haɗa maganin saran maciji. Sana'ar nan ita ta ciyar da su, ita ta kai su makaranta.

Sunayen ma Baba ne ya laƙaba musu. Babban, kafin ya buɗe akwati ɗaya sai ya leƙa ta gilashi, ya gyara tsayuwa, in ya rufe kuma ya duba makulli sau biyu, har mai jira ya ƙosa. Ƙaramin kuwa hannu gare shi, tubarkalla. Kafin kumurci ya gama fasa kai ya riga ya danne shi da ƙugiya ya kama ƙeyarsa.

Sannu-Sannu ko ya rufe ido yana ganin ɗakin nan. Akwatunan gilashi ashirin da huɗu a jere hawa biyu, kowanne da katin da Baba ya rubuta da hannunsa: irin macijin, ranar da ya ci, ranar da aka tatse shi. Ga teburin ƙarfe a tsakiya, ga ƙananan kofunan gilashi da aka ɗaure wa roba a baki. Ga ɗan firij a lungu wanda ko ruwan sha ba a sawa a ciki, sai maganin saran maciji. Warin garin katako da na ɓerayen da ake ciyar da macizan ya kama tufafinsu, har mahaifiyarsu ta ware musu igiyar shanya daban.

A bakin ƙofa kuma akwai wata tsohuwar ƙararrawar tagulla. Dokar Baba guda ce: mutum ɗaya ba ya buɗe akwati. Mai buɗewa zai kaɗa ƙararrawa, ɗayan ya ajiye duk abin da yake yi, ko da loma ce a hannunsa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a aljihu. Ba ya taɓa komai, ba ya cewa komai. Tsayuwar ita ce aikin.

Da ciwon ajali ya kama Baba, sai ya riƙe hannun babban ya ce, "Ƙaninka hannunsa ya fi hankalinsa sauri. Kada ka bar min shi shi kaɗai a ɗakin can."

Sannu-Sannu ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

Shekaru suka tafi lafiya lau, wannan ya kaɗa wancan ya tsaya, wancan ya kaɗa wannan ya tsaya. Sai ga Walƙiya ya haɗu ta waya da wasu masu kiwon macizai da ke yi wa kansu allurar dafi kaɗan-kaɗan, wai don jiki ya saba, ranar da aka sare su abin ya zo da sauƙi. Da fari a ɓoye yake yi. Daga baya damtsensa ya cika da kumburi da tabo, ɓuya ta ƙare.

Sannu-Sannu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya tuna masa cewa Baba ya shekara arba'in a ɗakin nan bai taɓa soka wa kansa dafi ba. Walƙiya ya yi dariya ya ce ai Baba ilimin ne bai riske shi ba.

Abin da ya ƙarasa lalata lamarin shi ne ranar da wani ɗan kumurci ya karce shi a yatsa. Yatsan ya kumbura kwana biyu ya saɓe. To fa, daga nan kan Walƙiya ya fi yatsan kumbura. Duk wanda ya zo gidan sai an nuna masa tabon, sai an gaya masa cewa jinin nan da yake gani ya zama magani. Ya daina kaɗa ƙararrawa. Wata safiya ma ya kwance ta gaba ɗaya ya jefa cikin durowar tsofaffin makullai.

"Yaya, ka huta da tsayuwar nan," in ji shi. "Wanda maciji zai iya kashewa shi ke neman mai gadi."

Wallahi maganar ta soki Sannu-Sannu, amma ganin ƙusar da babu ƙararrawa a jikinta ya fi yi masa ciwo. Ya so ya ɗaga murya, sai ya tuna halin ƙaninsa. In aka matsa masa zai kwashe rabin macizan ya kama ɗaki a wani wuri, ya yi ta aiki shi kaɗai inda ba mai jin faɗuwarsa.

Ana nan sai damina ta sa ƙyauren ƙarfen ɗakin ya yi tsatsa, ya fara wani kuka mai tsawo duk sanda aka tura shi, ƙiiii, har tsakar gida ana ji. Sannu-Sannu ya ɗauko mai zai zuba, ya tsaya yana kallon ƙyauren, sai ya mayar da man ya ajiye. Ƙararrawa ce Allah ya sake ba shi.

Tun daga ranar, da ya ji ƙiiii sai ya ɗauki kofin shayinsa da ɗan bencinsa ya koma ƙarƙashin tagar ɗakin. Yau wai wankin bokiti yake yi, gobe wai gyaran kejin ɓeraye, keji ɗaya ya gyara shi ya fi sau hamsin. Makullin mota na aljihu. Walƙiya ya gane sarai, yakan leƙo ta taga ya ce, "Mai gadi ya iso, macizai ku shiga taitayinku." Sannu-Sannu ya yi murmushi ya ci gaba da murɗa wayar kejinsa.

Matarsa kuwa, wadda ɗinki take yi a tsakar gida, ta ɗora masa mita. Ta ce ba ta taɓa ganin magidanci da gwangwanin mai uku a gida yana zaune da ƙyaure mai kukan akuya ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, zai duba. Bai gaya mata dalili ba, don ya san bakinta ba ya riƙe magana, kafin yamma sai ta kai kunnen Walƙiya.

Shekara uku aka yi a haka. Daga ƙarƙashin tagar nan ne ya fara jin abin da ya hana shi sukuni. Walƙiya da ya shiga ɗakin sai atishawa, idanu su yi ja, wuya ya yi ta ƙaiƙayi. An tambaye shi, ya ce mura ce. Wace irin mura ce ke jiran mutum a ɗaki ɗaya, ta sake shi da ya fito?

Sannu-Sannu ya tafi wurin wani tsohon likita da ya san Babansu. Likitan ya saurara ya girgiza kai. Ya ce jikin da ake ta dura wa dafi yana iya juyawa ya tsane shi, ya zama borin jini, ta yadda ɗan sara kaɗan zai toshe wa mutum maƙogwaro tun kafin dafin ma ya fara nasa aikin. Ya ba shi wata allurar gaggawa, ya nuna masa yadda ake yin ta. Da ya dawo ya kwashe duka ya gaya wa ƙaninsa. Walƙiya ya ce likitan da ko tsaka bai taɓa kamawa ba shi zai koya masa maciji? Allurar ta shiga aljihun Sannu-Sannu kusa da makullin mota, maganin da ke firij kuma ya ci gaba da sauya shi kafin wa'adinsa ya ƙare.

Wata Talata, ranar tatsar dafi, yana zaune a baranda da shayinsa yana jiran kukan ƙyaure. Shayin ya huce. Ƙarfe tara ta wuce. Ya ce a ransa ko Walƙiya ya makara ne. Sai matarsa ta ɗago daga keken ɗinki da fara'arta ta ce yau kam kunnensu ya huta, ƙaninsa ya karɓi man kekenta tun da sassafe ya zuba wa ƙyauren nan.

Kofin ya suɓuce daga hannunsa. Matar da ta shekara talatin da shi, ranar ta fara ganin Sannu-Sannu yana gudu.

Ƙyauren ya buɗe shiru. Walƙiya na durƙushe a gindin tebur, leɓɓansa sun kumbura, hannunsa ɗaya a maƙogwaro, numfashinsa yana fita da wani siririn fito. A ƙasa, tsakaninsu, wani tsohon kumurci ne ya fasa kai, wanda dafinsa Walƙiya ya shekara tara yana soka wa kansa. Haƙori ɗaya kacal ya same shi a gindin babban yatsa.

Zuciyar Sannu-Sannu ta ce ya tsallaka ya rungumi ɗan'uwansa. Amma ya san in shi ma aka sare shi, su biyu za a fitar. Ya ɗauki ƙugiya, ya gyara tsayuwa yadda Baba ya koya masa, ya ɗaga macijin ya sa a akwati ya rufe. Ranar sau ɗaya ya duba makulli. Ya zaro allurar ya caka wa ƙaninsa a cinya, ya kwashi maganin firij, ya saɓa ƙaton mutum a kafaɗa zuwa mota, matarsa na biye da su da takalminsa a hannu.

Kwana huɗu Walƙiya ya yi a asibiti. Tsohon likitan ya ce da an ƙara minti biyar da sai dai haƙuri. Sannan ya faɗi abin da ya fi saran zafi: Walƙiya ba zai sake shiga ɗakin macizai ba har abada, don ko ƙurar busasshen dafi ya shaƙa tana iya rufe masa ƙirji.

Walƙiya ya juya fuska bango ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Da ya lafa sai ya ce, "Yaya, kai ka ci gaba da aikin. Kada ɗakin Baba ya mutu saboda ni."

Sannu-Sannu ya ce, "To wa zai tsaya min a ƙofa?"

Haka ɗakin ya tashi. Masu haɗa magani suka aiko da mota aka kwashe akwatuna ashirin da huɗu. Sannu-Sannu ya bi yana cire tsofaffin katunan rubutun Baba yana adanawa a gwangwani, hawaye na zuba bai ko share ba, don shi ma ransa a ɗakin nan yake. Shi da ƙaninsa suka koma sana'ar haɗa kabad ɗin gilashi na masu shaguna. Kuma har yau bai taɓa buɗe baki ya ce wa ƙaninsa ai na faɗa maka ba.

Yanzu shekaru sun ja. Matar Sannu-Sannu ta rasu, ƙafafunsa sun gaza, daga gado sai kujera. Wata rana Walƙiya, wanda gemunsa shi ma ya yi fari fat, ya shigo da ƙusa da guduma da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ƙararrawar Baba ce, ya goge ta tana sheƙi. Ya rataye ta daidai inda hannun yayansa zai kai, ya ce duk abin da yake so ya kaɗa, yanzu shi ne a ƙofa. Ƙyauren ɗakin kwanan nasa ma yana ɗan kuka, kuma duk gidan an san ba a zuba masa mai.

Kullum ƙarfe takwas Sannu-Sannu yakan kaɗa, Walƙiya ya kawo shayi su sha tare, su yi ta hirar macizan da suka sani ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin maƙwabta. Wata safiya dattijon ya buɗe gwangwanin katunan nan, ya shagala da karanta rubutun Baba har takwas ta gota bai sani ba.

Sai ya ji gudu a tsakar gida, ƙyaure ya yi ƙiiii. Walƙiya ne, yana haki, takalmi ƙafa ɗaya, makullin mota a hannu.

Sannu-Sannu ya ce, "Lafiya? Ai ban kaɗa ba."

Walƙiya ya jingina da ƙofar, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Shi ya sa na zo, Yaya. Shirun ne ya tsorata ni."

Darasi: Kada ƙwarewa ko sa'ar rana ɗaya ta sa ka ɗauka ka fi ƙarfin haɗari. Dafi ba abin gwaji ba ne a jikin mutum, saran maciji asibiti ake kai shi. Wanda kuma yake tsaye maka a ƙofa, yana takura maka da ka'ida da yawan bincike, ba raina iyawarka ya yi ba, ranka yake tsaro, don haka ka riƙe shi da kyau tun yana nan. Ku tura wannan labari ga ɗan'uwan da ya taɓa tsaya muku, da wanda kuke ganin ya fara cire ƙararrawarsa.