Furen Kabewa a Kofin Gilashi

Akwai wata dattijuwa da 'yan unguwa ke kira Mama Mai Kabewa, saboda duk shekara bayan ɗakinta sai ya cika da kabewa har ta rarraba wa maƙwabta. Irin na marigayi mijinta ne. Bayan rasuwarsa ita ta riƙe shi: ta zaɓi kabewa mafi kyau, ta shanya 'ya'yan, ta adana a gwangwanin madara.

Wata shekara laima ta shiga gwangwanin, irin ya ruɓe. 'Yan ƙwayoyin da suka tsira ta shuka, guda ɗaya ce ta fito. Idan wannan ba ta haihu ba, irin ya ƙare ke nan.

Ana cikin haka Mama ta zame a bakin famfo, ta karye a ƙafa, ta kwanta.

Ɗanta mai gyaran famfo bai daɗe da aure ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Amarya, a gidan bene ta tashi, inda ko tukunyar fure babu. Ga kunya, ga tsoron suruka. In ta kawo abinci sai ta dire ta fice kamar an biyo ta.

Da ruwan farko ya sauka, kabewa ta yaɗu a jikin katanga ta buɗe furanni rawaya manya-manya. Wata safiya Amarya ta tsinko ɗaya, ta sa a kofin gilashi, ta ɗora a tire kusa da shayi.

Mama ta daɗe tana kallon furen. Ta shafa wani ɗan ƙulli kore da ke ƙasansa, kamar ƙaramin lemon tsami. Sannan ta ce, "Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Zauna mana, shayin nan ya yi mini yawa."

Ranar ce Amarya ta fara zama a ɗakin.

Daga nan abin ya zama na kullum. Furanni iri biyu ne a jikin kabewar, masu dogon wuya da masu ƙulli. Amarya ta fi son masu ƙulli, don su ne ke zama daram a bakin kofi, masu dogon wuyan kuwa langaɓewa suke yi.

A wannan zaman ne girki ya gyaru. Daga kan gado Mama ke koya mata: a bar albasa ta yi laushi kafin tumatir ya shiga, gishiri kuma a ɗanɗana kafin a ƙara. Har maigidan ya ce wata rana, "Amarya, yau miyar ba ta neme ni da faɗa ba. Wa ya yi mana sulhu?"

"Ci ka yi shiru," in ji Mama daga ɗaki. "Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona."

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Amarya a rai. Kabewa na ta fure, amma ko ɗa guda babu. Ta zargi kajin maƙwabta, ta toshe ramin da suke bi. Ta zargi tsuntsaye, ta rataya tsumma. Har mijin bai tsira ba.

"Ko dai ruwan da kake wanke kayan aikinka ne kake zuba mata?"

"Ni? Wannan kabewar yayata ce, ta riga ni daraja a gidan nan. Gaishe ta nake in wuce."

Ta tambayi Mama. Mama ta ce, "Za ta yi, in Allah ya so. Kin sauke shinkafar kuwa?"

Kwanaki suka ja. Ganye ya fara ja da baya, furanni suka ragu. Wata rana Amarya ta janye duron ruwa don ta yi shara, sai ga wani reshe da ya ɓuya a bayansa. A jikinsa akwai kabewa kamar dunƙulen hannu, busasshen fure na manne a bakinta.

Ta tsuguna tana juya ta. Ta dubi busasshen furen, ta tuna wanda ta tsinko da safe. Ashe ɗan ƙullin nan shi ne kabewar. Ashe duk safiya ɗa guda take cirewa ta kai wa mai shi a tire.

Ta miƙe ta shiga ɗakin Mama.

"Mama, kin sani?"

"Tun ranar farko."

"Irin Baba ne fa, Mama. Me ya hana ki faɗa mini?"

Mama ta gyara zama. "Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo. Sau da yawa na buɗe baki zan yi magana. Amma ranar da kika shigo da furen nan a tsorace kike. Shi ne abu na farko da kika kawo mini ba don an sa ki ba. Da na ce ɓarna kika yi, da ba ki ƙara zama a ɗakin nan ba. Sai na ce bari in gode wa abin da aka ba ni, sauran na bar wa Allah."

Amarya ta kifa kai a gefen gadon tana hawaye. Mama ta dafa ta.

"Ya isa haka. Amma don Allah daga yau masu dogon wuya za ki riƙa kawo mini. Su ma ki bar wa ƙudan zuma rabonsu, su ne masu aikin."

Amarya ta yi dariya cikin kuka.

Wannan kabewa ɗaya ta ga gata. Maigida ya haɗa mata keji da guntayen bututu da waya. Amarya ta shimfiɗa mata katako don kada ƙasa ta ruɓar da ita.

Ranar da ta nuna, Mama da sandarta ta dogaro har ɗakin girki. Amarya ta fasa ta, ta dafa da albasa da tumatir da ɗan nama. Suka ci, suka aika wa masu kajin da aka zarga.

Da 'ya'yan suka bushe, Mama ta zuba su a gwangwanin madarar nan, ta danƙa wa Amarya.

"Ki nemi inda laima ba ta kaiwa," in ji ta. "Ni a nan na gaza. Yanzu naki ne."

Darasi: Idan aka kawo miki alheri da kuskure a jikinsa, fara ganin zuciyar da ta kawo shi. Gyara yana da ranarsa, amma godiyar da aka hana a ranar farko kan rufe ƙofar da za a daɗe ba a buɗe ba. Ku tura wa surukai da matan 'ya'yansu, Allah ya sa mu cikin masu godiya.