Tabawa da Tofar da Aka Rufe

Ku matso kusa. Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, Tabawa, ba ta da komai sai ɗan fili a bayan gari, shi ma ciyawar tofa ta cinye shi. Mai gari ya ce, "Iya, in na zo ran girbi na ga tofa ko tsinke ɗaya, filin nan ya zama na wani."

Sai ta ɗau fartanya. Duk saiwar da ta sare, sai ta tsiro biyu. Bayanta ya riƙe, ta zauna tana kuka.

Sai ga Tana ta leƙo daga ƙasa, ta ce, "Ajiye fartanyar nan, mu kike sarewa. Tofa ba ta rayuwa sai da rana. Rufe ta, kuma kome ta ce, kada ki ɗaga."

Sai Tabawa ta shimfiɗa tsoffin tabarmi. Ta bi da kara, ta bi da kashin awaki, ta zuba toka da busasshen ganye, ta yayyafa ruwa. Ta shuka kuɓewa a kai.

Kwana bakwai, sai muryar tofa daga ƙasa: "Iya, ɗaga gefe in sha iska." Ta yi kunnen uwar shegu.

Bayan wata guda: "Iya, akwai tulun zinariya a nan." Ta haɗiye miyau, ta wuce.

Ran nan da tsakar rana kuɓewa ta yi yaushi. Tofa ta ce, "Na shaƙe saiwarta. Ɗaga ki cece ta!"  Tabawa ta kama bakin tabarma. Tana ta ce, "Ƙarya take! Ƙishi kuɓewar ke ji." Tabawa ta saki, ta ɗebo ruwa.

Ran girbi mai gari ya zo, ya dubi kuɓewa, ya taɓe baki. "Tofa kika ɓoye mini a ƙarƙashi. Ɗaga in gani!"

Ta durƙusa, ta ja. Tabarmar ta marmashe a hannunta. Baƙar ƙasa ce mai laushi, sai tana birjik. Mai gari ya tona nan, ya tona can, har gumi ya jiƙa masa riga, bai samu tsinke ba. Fili ya zauna wa Tabawa.

To kun ji, mugun da kuka rufe wa ƙofa, daɗin bakinsa kada ya sa ku buɗe.

Ƙurunƙus, kan tana, in kun gane inda kanta yake.