Tukunyar Dalma a Tsakar Gida

Akwai wani dattijo da ake kira Mai Kunne, shugaban ɗakin wuta a wani kamfanin ƙanƙara. Shekararsa ashirin da bakwai a wurin. Idan janareta ya fara rigima, sai ya ɗora bakin sukurudireba a jikin ƙarfen, ya manna kunnensa a ƙotar, ya yi tsit. Kafin ka gyara tsayuwa ya faɗa maka abin da ya lalace, kuma in an kwance haka za a tarar.

Gwani ne, wannan ba mai musu. Damuwar dai ita ce shi ma ya sani, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Da kamfanin ya koma amfani da hasken rana, aka jera allunan sola a rufi, aka cika ɗaki guda da batura, aka ce sai an ɗauki mai kula da makamashi da muhalli. Wadda ta samu aikin kuwa 'yar ƙanwarsa ce, yarinyar da ya sha goyawa a babur zuwa firamare. Karatun tafiyar da harkokin fasaha ta yi, inda ake koya wa mutum ya bi na'ura da masu aiki da ita, tun daga ranar da aka sayo ta har ranar da za a rabu da ita.

Abin ya tsaya wa Mai Kunne a rai. Ya laƙaba mata suna Manaja, yana jan sunan da wata murya da ke sa ma'aikata sunkuyar da kai suna dariya. Ita kuwa kullum sai ta fara shiga ɗakin wuta ta rusuna ta gaishe da Kawu kafin ta wuce ofis.

Dokarta ta farko a kan matattun batura ce. Duk wanda ya mutu a rubuta masa lamba da fenti, a ajiye shi a wani ɗaki mai daɓen siminti, har masu sarrafa su su zo su kwashe. Wata biyu da farawa, ta ga lambobin suna tsallake. Ba ta kai ƙara ba. Ta sami kawun nata shi kaɗai, ta tambaye shi cikin ladabi.

Ko ɓoyewa bai yi ba, da alfahari ma ya ba ta labari. Gida yake kai su. Ranar hutu sai ya fasa su da guduma, ya tsiyaye ruwan a gindin katanga, ya narka dalmar a wata tsohuwar tukunya a kan gawayi, ya zuba sababbin kawunan batir, ya raba wa makanikan unguwa kyauta. Shekaru yana haka. In dai muhalli ake magana, in ji shi, ai ya riga kowa, don shi ba ya zubar da komai.

A ranar ta bi shi gida. Ta ga tukunyar a tsakar gida kusa da igiyar shanya, ƙasar wurin ta yi toka-toka. A gefe kuma jikarsa ce zaune, 'yar shekara huɗu, wadda suke kira Aku saboda surutu. Aku ta rugo tana nuna wa Anti dukiyarta: wani gwangwanin madara cike da ɗigon dalma masu ƙyalli da ta tsince a ƙasa. Hannun da take wasa da su, da shi take cin biskit.

Manaja ta karɓe gwangwanin, ta wanke wa yarinyar hannu, sannan ta durƙusa gaban kawunta.

"Kawu, kai ka san batir tun yana da rai, kuma ba wanda zai koya maka. Mu abin da yake yi bayan ya mutu aka koya mana. Ƙurar nan tana shiga jinin yaro ba a gani. Don Allah a kashe wutar nan, a kai Aku a gwada jininta."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce uban Aku ma a tsakar gidan nan ya girma, ga shi nan ƙato yana jan babbar mota. Bai tsaya ya tuna cewa lokacin da ya fara narka dalma, ɗan nasa ya riga ya yi gemu ba.

Washegari ta sa kwaɗo a ɗakin matattun batura. Nan fa aka taɓo shi. A taron ma'aikata ya miƙe, ya ce a gaban kowa wai yau yarinyar da ya share wa majina ce ke kulle masa ƙofa, alhali ko fis ɗin wutar lantarki ba ta iya canzawa ba. Aka yi dariya. Ta ci gaba da bayaninta. Da yamma ya kira mahaifiyarta a waya ya ce kada 'yarta ta sake taka masa gida.

Kwaɗon ya hana wasu batura fita, amma akwai guda tara jibge a bayan kicin ɗin gidansa. Ya ci gaba da aikinsa, yanzu ma har da gayya.

Sannu a hankali surutun Aku ya ragu. Ta daina cin abinci sosai, tana yawan riƙe ciki. Waƙoƙin makaranta da take cika gida da su, sai ta fara ta tsaya a tsakiya tana kallon mutane. Uwarta ta ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. Mai Kunne kuwa cewa ya yi alhamdu lillahi, yarinya ta fara hankali, yanzu mutum zai ji labaran rediyo. Wannan maganar har gobe tana cin sa. Mutumin da ke jin ciwon inji ta cikin ƙarfe, bai ji jikarsa tana yin shiru a gabansa ba.

Wata ranar hutu da rana, tukunya na kan wuta, Aku ta faɗi tana jijjiga.

A asibiti, da sakamakon gwaji ya fito, likita ta tambaya ko akwai mai aikin batir a gidan. Duk suka juya suka kalli Mai Kunne. Likita ta ce za su rage dalmar da ke jininta, kuma da yardar Allah za ta rayu, amma abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa ba duka yake dawowa ba.

Manaja ta zo, duk da an hana ta. Ya zauna a benci yana jira ta ce ai ta faɗa. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Sai ta zauna a gefensa tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ni ma da laifina, Kawu. Na kulle ɗakin kamfani na zauna, don kada a ce na yi maka rashin kunya. Da ma uwar yarinyar na samu tun ranar."

Ita ce ta tsara komai bayan haka. Aka kwashe baturan, aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba siminti, aka gwada yaran maƙwabta. Biyu daga cikinsu an kama abin da wuri.

Mai Kunne ya koma aiki, amma sunan Manaja bai sake fita daga bakinsa da waccan muryar ba. Shi da kansa yake rubuta lambar batura yanzu.

Aku ta dawo gida. Tana tafiya, tana dariya, sai dai magana ta zama aiki. Da yamma yakan ɗora ta a cinya, ya kashe rediyo, ya kai kunnensa kusa da bakinta, yana jira. Wani lokaci takan ce "Kaka" ta yi shiru. Wani lokaci ko wannan ba ya samu.

Darasi: Iya gyaran na'ura daban, sanin illarta ga mutane da ƙasa daban, kuma don wannan na biyun wasu suka yi shekaru a makaranta. Kada girman kai ya hana ka sauraren wanda ka raina, kada kunya ta hana ki faɗin gaskiya inda ran yaro yake. In ka san gidan da ake fasa batir ko narka dalma kusa da yara, tura musu wannan labarin yau.