'Yar Nutso da Ƙwan da Ta Bar wa Zabuwa

An yi wata agwagwar ruwa a wata fadama mai yawan bado, ana ce mata 'Yar Nutso. Gajera ce, ja, bindinta a tsaye ƙyam kamar sabuwar tsintsiya. A cikin ruwa ba mai kamo ta, amma a tudu abar tausayi ce. Ƙafafun irinsu can baya suke, kusa da bindi, in ta yi taku kaɗan sai ta kife da ƙirji. Halinta kuwa, cikinta kawai ta sani.

A da danginta sun cika fadamar nan. Sai masu noman rani suka kafa injinan ban-ruwa, ruwa ya ja baya, ragar masunta kuma ta kwashe saura. Mijinta ma raga ce ta tafi da shi a farkon damina. Ita kaɗai ta rage, da ƙwai uku a cikinta. In ƙwan nan ba su zama agwagi ba, irinsu ya ƙare ke nan a wannan wuri.

Akwai wata tsohuwar Ƙififiya, wato kunkurun ruwa, wadda ba ta iya ɓoye gaskiya. Wata safiya ta ɗago kai ta ce, "Ke 'Yar Nutso, ina sheƙarki? Na ga ciki ya yi nauyi, ban ga kin tanƙwara ko kara ɗaya ba."

"Sheƙa? Kaka, kin ga yadda laka ta cika da tsutsa bana kuwa? In zauna kwanci makonni, wasu na can suna ci? Allah ya kiyaye!"

"To, wa zai kwanta miki?"

"Ga Zabuwa can a bakin gaɓa. Tana kan nata, ƙarin uku ba zai karya mata baya ba."

Ƙififiya ta ce, "Na san uwarki, na san kakarki. Ba ɗumi kaɗai suke ba ƙwai ba. Tun ɗa yana cikin ɓawo uwa take yi masa magana, har ya riƙe muryarta. Ranar da ta ce 'ku nutse', kafin ta rufe baki sun ɓace a ruwa. Da wannan kuka tsira daga Shirwa, ba da komai ba."

"Nutso a jininmu yake," in ji 'Yar Nutso. "Ke dai kin tsufa, surutu ya yi miki yawa."

Ta jira sai da Zabuwa ta fita kiwo. Ta ja ƙirji a ƙasa, tana tashi tana faɗuwa, har ta kai gindin sabarar da sheƙar take. Kwana uku tana wannan wahala, kullum ta ajiye ƙwai ɗaya. Wai mai gudun wahala ke nan!

Zabuwa mai baki ce, amma zuciyarta fara tas. Da ta lura, sai ta cika fadama da ihu: "Jama'a, wa ya zuba min goruba a sheƙa? Waɗannan ƙattin ba nawa ba ne!"

'Yar Nutso ta leƙo daga ruwa, baki cike da tsutsa. "Haba maƙwabciya, abin bai kai ga tara mutane ba. Ajiya ce. In sun fito zan karɓa."

"Ajiya? Kin tambaye ni? Marar kunya kawai!" Zabuwa ta dubi ƙwan, ta ga sun fara sanyi, sai tausayi ya kama ta. Ta gyara zama a kansu ta ce, "Ba zan bar su su mutu ba. Amma ki sani, abin da na iya shi zan koya musu. Ba ni da wani."

Haka aka yi. Zabuwa ta sha rana, ta sha ruwan sama, tana yi wa ƙwai hira da muryarta mai kaushi. 'Yar Nutso kuwa ta ci ta yi ɓul-ɓul, ko sau ɗaya ba ta leƙa ba.

Da aka ƙyanƙyashe, 'yan agwagin uku suka zarce ruwa, Zabuwa na tsaye a gaɓa tana faɗa. 'Yar Nutso ta iso da fara'a ta ce, "Ku taho, ni ce uwarku."

Ƙaramin ya juya wajen Zabuwa ya ce, "Inna, wace ce wannan?"

Bai gama tambaya ba inuwa ta gifta a kan ruwa. Shirwa ce.

"Ku nutse! Ku nutse!" in ji 'Yar Nutso.

"Ku gudo ciyawa! Ku gudo!" in ji Zabuwa.

Ruwa mai zurfi na ƙarƙashinsu, dulmiya kai kawai ya rage su tsira. Amma muryar da suka sani suka bi. Suka fito tudu. 'Yan zabi suka watse cikin ciyawa kamar an watsa tsakuwa, su kuwa 'yan agwagi suka yi ta kifewa da ƙirji a fili. Shirwa ta sauko a natse ta ɗauki babban.

Washegari ta dawo ta ɗauki na biyu, a daidai wurin.

A nan ne cin tsutsa ya fita daga ran 'Yar Nutso. Ta ja ƙirji har gaban Zabuwa, ta kwantar da kai. "Yaya, na tuba. Ɗaya ya rage mana a duniya. Ba ya jin tawa, taki yake ji. Don Allah in Shirwa ta zo, ki ce masa ya nutse."

Zabuwa ma hawaye take yi, domin ita ta sha zafin kwancinsu. Ta ce, "Zan faɗa. Wallahi zan faɗa." Ta wuni tana maimaitawa a hankali, ka nutse, ka nutse, don kada ta manta.

Da la'asar ƙaramin yana wasa a cikin bado, inuwar ta sake giftawa. Zabuwa ta buɗe baki. Tsoro ya zo mata gaba ɗaya, abin da uwarta ta faɗa mata tun tana cikin ɓawo shi ya fito: "Ka gudo ciyawa!"

Ya bar ruwan ya nufo ta, yana kiran "Inna, Inna". Bai kai ba.

Zabuwa ta tattara nata 'ya'yan ta shige daji, ba ta ƙara sauka wannan gaɓa ba. Ƙififiya, duk da bakinta, ba ta ce "na gaya miki" ba. Ta dubi 'Yar Nutso kawai, ta koma ƙarƙashin ruwa.

Ni kaina da nake ba ku labarin, nan ne wurin da yake ci mini rai. Lakar tana nan cike da tsutsa, ba mai yi mata takara. 'Yar Nutso takan nutse ta cika baki, ta taso, ta kasa haɗiyewa. Masunta sun ce sun daɗe suna jin wata agwagwa tana kewaya bado ita kaɗai tana kira, "ku nutse, ku nutse", ba mai amsawa. Daga baya suka daina ji. Tun daga lokacin ba a sake ganin mai jan jiki da tsayayyen bindi a fadamar ba.

Darasin wannan labari, yara, shi ne akwai aikin da ba a ba wani ya yi maka, ko da mutumin kirki ne kamar Zabuwa. Wanda ya zauna da ɗa tun yana ƙarami, shi ɗan zai ji ranar tsoro. 'Yar Nutso ta san maganar da za ta ceci 'ya'yanta, ta kuma faɗe ta da iya ƙarfinta, amma lokacin da ya kamata su koyi muryarta tana can tana cika cikinta.