Sunan da Aka Rubuta da Biro

Akwai wata mata a garinmu Slatina mai suna Viorica. Shekara goma sha tara tana yankan cuku da nama a wani babban kanti. 'Yan mata su zo, su yi wata uku, su gudu, ita tana nan.

Manajan kantin, Costel, da fensir yake rubuta sunayen ma'aikata a takardar rabon aiki, don kullum sai an goge. Viorica kaɗai yake rubutawa da biro, domin ba ta taɓa cewa a'a ba.

Da mijinta Marin ya rasu, kwana uku kacal ta yi ta dawo aiki. Abu ɗaya ta roƙa: a ba ta Asabar ɗin addu'ar arba'in, ta kai dafaffiyar alkamar sadaka coci, ta tsaya a kabarinsa. Costel ya ce an gama.

Ranar Juma'a wata yarinya ta ajiye aiki. Viorica ta duba bango, sai ga sunanta a Asabar, da biro.

"Maigida, gobe fa arba'in ɗin Marin."

Costel ya dafe kai. "Inna Viorica, wa zan sa? Manya sun hana ni ɗaukar kowa. Ni ma rabona da hutu tun Ista. Ke kaɗai ce ba kya ba ni kunya."

Wallahi da ni ce, da ya ji magana. Ita kuwa ta ba maƙwabciya alkamar ta kai mata coci, ita ta zo aiki.

Ƙarfe goma, lokacin addu'ar, wani ya nemi cuku. Ta ɗauki wuƙa, hannu ya ƙi motsi.

"Baiwar Allah, barci kike yi?"

Ta cire rigar aiki, ta ninke, ta fita. Ko da ta isa maƙabarta, kowa ya watse, kyandir ya ƙone. Ta zauna a ƙasa tana ba Marin haƙuri.

Ba ta koma ba. Cikin mako guda mutum uku suka bi ta. Ɗayarsu, Oana, ta ce wa Costel, "In haka aka yi wa Inna Viorica, mu me muke jira?"

Ya ɗauko abin goge fensir, ya yi ta murzawa a kan sunan Viorica har takardar ta yage.

Darasi: Ma'aikacin da ba ya cewa a'a shi ma yana gajiya, kuma sauran suna kallon yadda kake yi da shi. Ku tura wa duk mai mutane a ƙarƙashinsa, tun kafin tasa Vioricar ta ninke riga.