Allurar Ibram

"Wai da gaske ɗan Abarshi tela ya zama?"

Akwai wata amarya a Gure, Kaltumi, a bakin rijiya ta ji wannan tambaya, a kan mijinta Ibram. Ta sunkuyar da kai ta ja guganta.

Zamanin Faransa ne. An kai Ibram lakwal, makarantar boko, a Bamako ya koyi aikin injiniya. Ubansa Abarshi, mai rumfar tufafi, ya cika kasuwa da cewa ɗansa zai gina gada. A wurin aikin kogi Ibram ya ga zazzaɓi yana kwashe leburori, ba mai duba su. Ya ajiye ma'auni ya koma karatun lokotoro, wato likita.

Ɗan aike ya ce, "Allura yake koyo yanzu." Abarshi bai bari ya ƙarasa ba.

"Allura? Har Bamako? Ga Barmo nan yana ɗinki, ko lakwal bai taɓa gani ba!"

Ibram ya dawo, ya yi bayani har ya gaji. "Baba, ta magani ce."

"Da zare ko babu?"

Abin ya ishi Kaltumi. Mata har kawo mata zane suke, wai maigida ya kama musu baki. Ga shi za a tura shi Cadi da ayarin masu yaƙar sanƙarau, Abarshi kuma ya rantse ba zai sa masa albarka ba. Ibram ya daina cin abinci.

Wata safiya tana tankaɗe, ta hangi surukinta ta ramin zana. Ya naɗe wando gaban Ibram, ga gyambon da ya daɗe yana ɓoyewa.

"Kai, yaro. Abin naka yana yi wa wannan?"

Kullum da hantsi yana zuwa ta bayan gida, a wanke, a soka masa allura, ya ciji hula. Har ya daina ɗingishi.

Ran tafiya, gaban jama'a, Abarshi ya dafa kan Ibram. "Je ka, tela. Allah ya yi maka albarka, ya kai hannunka inda ake jiransa."

A rijiya aka sake tare ta. "Ke Kaltumi, me ya sauko da tsohon?"

Maganar ta zo mata har baki. Ta tuna hular nan a haƙoran dattijo, ta haɗiye. Ba za ta gaya wa kowa ba.

Darasi: Ka saurari ɗanka har ƙarshe kafin ka yanke masa hukunci, kuma in mai girman kai ya sauko, a rufa masa asiri. Ku isar wa iyaye.